Zaɓen Monita Don Buga Gem: Tambayoyi da Amsoshi

Sau da yawa mutum zai kwashe watanni yana lissafin kayan cikin kwamfutarsa, sai idan kuɗi sun kusa ƙarewa ya tuna da monita, ya ɗauki wadda ta samu. Wannan kuskure ne babba, domin duk wahalar da kwamfuta ke sha a ciki, ta gilashin nan kaɗai take isa idonka. Ga shi kuma monita takan daɗe fiye da sauran kayan, kana iya canza katin girafik, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hoto, sau biyu tana nan zaune a kan tebur. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu shirin saye suka fi yi.

Lambobin sun yi mini yawa. Daga ina zan fara?

Fara daga na'urar da za ta tura hoton, kada ka fara daga kwalin monita. Monita ba ta ƙirƙirar hoto, abin da aka miƙo mata take nunawa. Idan katin girafik ɗinka firem 70, wato hoto 70, yake iya fitarwa a daƙiƙa a gem ɗin da ka fi so, monita mai 360Hz ba za ta ƙara maka ko firem ɗaya ba. Ka sayi doki mai gudu ne ka ɗaure shi a turke.

Don haka kafin komai, kunna gem biyu ko uku da ka fi bugawa, ka duba firem nawa kake samu. Steam na da ma'aunin da ke nuna wannan a kusurwar allo, manhajojin Nvidia da AMD, kamfanonin da ke ƙera katin girafik, ma suna da shi. Sannan ka tambayi kanka wane irin gem ne ya fi cin lokacinka. Mai Counter-Strike 2 ko Valorant buƙatarsa sauri. Mai yawo a cikin Cyberpunk 2077 ko tuƙi a Forza Horizon buƙatarsa kyan hoto da zurfin launi. Da zarar ka san waɗannan abubuwa biyu, rabin monitocin kasuwa sun fita daga lissafinka.

Mene ne Hz, kuma nawa ya ishe ni?

Shi ne adadin lokutan da monita ke sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. Mai 60Hz tana sabuntawa sau 60, ma'ana kowane hoto yana tsayawa milisakan 16.7 kafin wani ya maye gurbinsa (milisakan, ko ms, shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa). A 144Hz tsayuwar ta koma milisakan 6.9. A 240Hz 4.2, a 360Hz kuma 2.8.

Ka lura da yadda ribar ke raguwa. Daga 60 zuwa 144 ka rage kusan milisakan goma, kuma wannan ko wanda bai taɓa buga gem ba zai gani, da motsa linzami kawai a kan allo. Kibiyar da a da take tsalle-tsalle sai ta koma tana sulɓi. Daga 144 zuwa 240 abin da ka rage bai kai milisakan uku ba. Daga 240 zuwa 360 bai kai ɗaya da rabi ba. Bambancin yana nan, masu gasa suna jin sa a hannunsu, amma sai kwamfutarka na iya fitar da firem ɗin da ya kai haka.

Ra'ayina shi ne, duk wanda zai sayi monitar gem yanzu kada ya sauka ƙasa da 144Hz. Tsakanin 144 da 165 da 180 kuwa kada ka wahalar da kanka, kusan abu ɗaya ne a ido.

1080p, 1440p ko 4K?

Nan ne aka fi yin asara, don haka bari mu ɗan daɗe a kai.

Hoton monita ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. 1080p na nufin 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla fiksel miliyan biyu da ɗan kai. 1440p shi ne 2560 da 1440, kusan miliyan 3.7. 4K kuma 3840 da 2160, kusan miliyan 8.3, wato ninki huɗu cif na 1080p. Kowane ɗigo a cikin waɗannan sai katin girafik ya lissafa launinsa, a kowane firem. Shi ya sa katin da ke ba ka firem 140 a 1080p zai iya durƙushewa idan ka ɗora masa 4K, gem ɗin da ke gudu lafiya ya fara tangal-tangal.

Mai katin da bai da ƙarfi sosai, ko mai gem ɗin harbi na gasa, 1080p ya ishe shi kuma babu abin kunya a ciki. A manyan gasanni har yanzu monitocin inci 24 ko 24.5 masu 1080p aka fi gani, irin su Zowie na kamfanin BenQ. Mai kati matsakaici ko sama da haka, 1440p ita ce wurin da na fi ba da shawara: hoto ya fito tas, rubutu ya yi kaifi, kuma katin bai galabaita ba. 4K na mai babban kati ne, ko wanda aikinsa na rana ya haɗa da gyaran hoto da bidiyo.

Akwai dabarun da suka sauƙaƙa lamarin, DLSS na Nvidia da FSR na AMD da XeSS na Intel. Gem ɗin yana zana hoto a ƙaramin mataki, sai manhaja ta ɗaga shi ya cika allo. Suna taimakawa ƙwarai, musamman a 4K, amma ba kowane gem ne ke da su ba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: idan ka sayi monitar 1440p sannan ka saukar da gem zuwa 1080p don neman gudu, hoton zai fi dusashewa fiye da a monitar da asalinta 1080p ce, domin ɗigon ba su rabu daidai ba.

Inci nawa ya dace?

Girma da yawan fiksel tare suke tafiya. Inci 24 mai 1080p na da fiksel kusan 92 a kowane inci. Ka shimfiɗa wannan 1080p ɗin a kan inci 27, sai ya sauka zuwa 82, ka fara ganin gefen haruffa kamar haƙoran zarto. Inci 27 mai 1440p na da kusan 109, inci 32 mai 4K kuma kusan 138. Haɗin da ya fi zama daidai ke nan: 24 da 1080p, 27 da 1440p, 32 da 4K.

Ka kuma auna teburinka. Inci 32 a kan siririn tebur zai sa ka riƙa juya wuya don ganin taswirar da ke kusurwa.

An rubuta 1ms a kwali. Gaskiya ne?

Gaskiya ce mai rabi. Lambar na nufin lokacin da fiksel ke ɗauka ya sauya daga wani launi zuwa wani. Matsalar ita ce sauyin ba iri ɗaya ba ne, akwai masu sauri akwai masu nawa, kuma kamfani yakan zaɓi mafi sauri ya rubuta. Sau da yawa ma sai an kai wani saiti na tura fiksel da ƙarin ƙarfin lantarki zuwa ƙarshensa kafin a sami lambar. A wannan matakin fiksel yakan zarce launin da ake so sannan ya dawo, sai ka ga wani farin zane yana bin duk abin da ke motsi, kamar an zagaye shi da alli. Ba wanda zai iya buga gem a haka. Saitin da ke tsakiya shi ne yawanci mai amfani.

Wasu kuma MPRT suke aunawa, wato ma'aunin dusashewar motsi, kuma don samun ƙaramar lamba sukan bi wata hanya daban da ke kashe fitilar bayan allo tana kunnawa tsakanin firem da firem. Tana rage dusashewar motsi, amma tana rage haske, kuma a monitoci da yawa ba ta aiki tare da FreeSync ko G-Sync, waɗanda bayaninsu ke tafe a ƙasa.

Kada kuma ka haɗa wannan da jinkirin amsa umarni, wato lokacin da ke tsakanin danna maɓalli da ganin sakamakon a allo. Wannan ba a cika rubuta shi a kwali ba. Hanya ɗaya ta sanin gaskiyar duka biyun ita ce neman masu gwaji da na'urar awo, irin su RTINGS ko Monitors Unboxed, ka duba ainihin lambar samfurin da kake son saya.

TN, IPS, VA, OLED: wanne ne wanne?

Ukun farko duk LCD ne, akwai fitila a baya, gilashin gaba kuma yana tare haske ko ya bar shi ya wuce.

TN shi ne tsohon hannu. Yana da sauri, amma launinsa a wanke yake, kuma da ka ɗan sunkuya hoton ya canza. Yanzu sai masu gasa kaɗai ke nemansa.

IPS na da launi mai kyau, kuma daga kowane gefe ka kalla hoton bai canzawa. A da ana kukan yana da nawa, amma na yanzu sun yi sauri sosai. Rauninsa baƙi. Bambancin haske da duhu a IPS yakan tsaya wajen 1000:1, don haka idan ka kashe fitilar ɗaki ka shiga wani kogo a gem, baƙin zai koma toka-toka, kusurwoyin allo kuma su riƙa ɗan ƙyalli. Wannan ƙyallin ɗabi'ar IPS ce, ba lalacewa ba ce.

VA ya fi shi a nan, yakan kai 3000:1 ko fiye, dare ya zama dare. Sai dai fiksel ɗinsa na jan ƙafa wajen fita daga baƙi. Ka juya kyamara a wuri mai duhu, sai ka ga abubuwa suna jan jela kamar an shafa tawada da yatsa. Masu tsada sun magance wannan sosai, masu araha kuwa har yanzu suna fama.

OLED ba ta da fitilar baya kwata-kwata. Kowane fiksel shi ke ba da haskensa, idan ana son baƙi sai ya mutu ɗungurungum. Sauyin launinsa kuma bai kai milisakan ɗaya ba, a nan kam da gaske. Ranar da na fara ganin wani gem na sararin samaniya a kan OLED, taurari sun fito kamar an huda baƙin ƙyalle da allura, babu wani hazo a kewayensu. Na daɗe ina kallo kafin na taɓa linzami.

Wanda ke son monita ɗaya ta yi masa komai, aiki da rana gem da dare, IPS ce mafi kwanciyar hankali.

To OLED ba ta yin tabo?

Tana iya yi. Fiksel ɗinta na tsufa gwargwadon yadda ake kunna su, don haka abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar layin ƙasa na Windows ko ma'aunin rai a gem, zai iya barin inuwarsa bayan dogon lokaci. Kamfanoni sun sa dabarun kariya: hoton na ɗan gusawa kaɗan-kaɗan ba tare da ka lura ba, monita kuma tana gyara fiksel ɗinta idan ka kashe ta. Saboda haka kada ka riƙa zare ta daga soket da zarar ka gama, ka bar ta ta kammala. Tun lokacin da Alienware ta fitar da AW3423DW a 2022 da garantin shekara uku wanda ya haɗa da tabo, wasu kamfanonin suka bi sahu, amma ba duka ba. Karanta takardar garanti kafin ka biya.

Idan awa takwas kake yi kullum a kan takardu masu farin shafi, OLED ba taka ba ce. Ban da batun tabo, gefen haruffa a wasu samfuran yakan nuna ɗan launi saboda yadda aka jera ƙananan ɗigon.

Me G-Sync da FreeSync ke yi?

Katin girafik ba ya fitar da firem a kan ƙa'ida ɗaya. Yanzu 120, da an yi fashewa a gem ya sauka 85. Monitar da ke sabuntawa a tsayayyen lokaci takan kama rabin tsohon firem da rabin sabo ta nuna tare, sai hoton ya yage a tsakiya, sama ta gusa ta bar ƙasa. Waɗannan fasahohi suna sa monita ta jira katin, ta sabunta daidai lokacin da firem ya kammala.

Nvidia ce ta fara da G-Sync a 2013, da wata na'ura ta musamman a cikin monita wadda ta ƙara mata tsada. AMD ta fito da FreeSync a 2015 a kan ƙa'idar ƙungiyar VESA mai tsara ƙa'idojin allo, ƙa'idar da kowa zai iya amfani da ita. A 2019 Nvidia ta buɗe ƙofa, katunanta suka fara aiki da monitocin FreeSync. Yau kusan duk monitar gem mai mutunci tana aiki da katin kowane ɓangare, ba sai ka biya ƙarin kuɗi don suna ba.

Abin dubawa shi ne iyakar da fasahar ke aiki a ciki, misali 48 zuwa 144Hz, da kuma ko monitar na ninka firem idan gudu ya faɗi ƙasa da iyakar. Ka kuma ƙayyade firem ɗin gem ya tsaya ɗan ƙasa da ƙarshen monitar, kamar 141 a mai 144. A VA da OLED wani lokaci haske kan yi ɗan rawa a wurare masu duhu idan firem na hawa da sauka da yawa.

HDMI ko DisplayPort?

Dukansu nau'in rami ne da wayar da ke kai hoto zuwa monita. A kwamfuta, DisplayPort. HDMI 2.0 na ɗaukar 18Gbps (ma'aunin yawan bayanan da ke wucewa a daƙiƙa), wanda ya isa 4K a 60Hz ko 1440p a 144Hz. DisplayPort 1.4 na ɗaukar 32.4Gbps, kuma da matse bayanai na DSC yana kai 4K sama da 144Hz. HDMI 2.1 cikakke na kai 48Gbps, amma a yi hattara, an halatta wa kamfanoni rubuta 2.1 ko da ramin bai kai wannan gudun ba. Nemi adadin Gbps ɗin a takardar bayanai.

Na sayi mai 144Hz amma ban ga wani bambanci ba. An cuce ni ne?

Da wuya. Wani abokina ya yi wata huɗu yana wannan ƙorafi, har ya fara neman mai saye. Da na zauna a gaban kwamfutarsa na buɗe saitin allo, sai ga ta a kan 60Hz tun ranar da ya kunna ta. Na canza, na ce ya ja taga ɗaya daga hagu zuwa dama. Bai ce komai ba, sai ya ci gaba da jan tagar yana komowa da ita.

Abubuwa uku za ka duba. Shiga saitin allo na ci gaba a Windows ka zaɓi adadin Hz da hannunka. Tabbatar wayar tana jikin katin girafik, ba ramin da ke sama kusa da na USB ba, domin wancan na babban faifan cikin kwamfuta ne, wato motherboard. Sannan ka yi amfani da wayar da ta zo a kwali, tsohuwar waya na iya hana ka kaiwa. Shafin TestUFO zai nuna maka adadin da kake samu a zahiri.

HDR fa?

HDR fasaha ce ta faɗaɗa tazarar haske da duhu a hoto. Yawancin monitoci masu araha da aka rubuta wa HDR suna karɓar siginar ne kawai, ba su da abin nuna ta. HDR na gaske na buƙatar wani sashe na allo ya yi haske ƙwarai yayin da na kusa da shi ke cikin duhu. Monitar da fitila ɗaya ke haska bayanta gaba ɗaya ba za ta iya ba. Tambarin DisplayHDR 400 bai wajabta raba fitilar kashi-kashi ba, shi ya sa kunna shi kan sa hoto ya yi fari-fari. Idan HDR kake nema da gaske, OLED ce, ko Mini-LED mai ɗaruruwan yankunan haske, irin masu 576 ko 1152. In ba haka ba, manta da shi, kada ya shiga lissafinka.

Shimfiɗaɗɗiya ko mai lanƙwasa?

A inci 24 da 27 shimfiɗaɗɗiya ta fi, lanƙwasa ba ta ƙara komai a wannan girman, kuma tana karkatar da miƙaƙƙen layi ga mai zane ko gyaran hoto. Inda take da amfani shi ne a masu faɗi, irin inci 34 mai 3440 da 1440, domin tana jawo gefuna su fuskanci idonka. Lambar da ke jikinta, 1800R ko 1000R, tana nuna tsananin lanƙwasar, ƙaramar lamba ta fi lanƙwashewa. Masu faɗin nan suna da daɗi a gem ɗin tuƙi da na jirgin sama, amma wasu gem ɗin ba su cika su, sai su bar baƙi a gefe biyu.

PlayStation 5 ko Xbox nake da shi, ba kwamfuta ba.

To lissafinka ya fi sauƙi. Dukansu 120Hz ne iyakarsu, don haka kuɗin 240Hz asara ne. Ba su da DisplayPort, kuma ba su cika allo mai faɗi. Don 4K a 120Hz sai HDMI 2.1. PlayStation 5 ta sami 1440p a 2022, amma daidaita sabuntawar monita da firem ɗinta na bin ƙa'idar HDMI ne mai suna VRR, FreeSync kaɗai bai wadatar ba. Xbox Series X da Series S kuwa suna karɓar FreeSync. Ka kuma duba ko monitar na da ramin abin sauraro, domin da yawa ba su da lasifika.

Idona na ciwo bayan awa biyu. Laifin monita ne?

Zai iya zama. Wasu monitocin na rage haske ta hanyar ƙyafta fitila da sauri, ido bai gani amma wasu mutane na jin sa a ka. Nemi wadda aka ce ba ta ƙyaftawa. Amma galibi hasken ne ya yi yawa, domin daga masana'anta ake ƙure shi. Rage shi har farin shafi ya yi kama da farar takarda a ɗakin, kada kuma ka zauna a duhu ƙirin da allo kaɗai a gabanka. Saman monita ya zo daidai da idonka ko ɗan ƙasa, nisanta kamar tsawon hannu. Nan ne ƙafar da ake iya ɗagawa da saukewa ke da daraja. Idan babu, duba bayanta ko akwai ramuka huɗu na VESA, yawanci milimita 100 tsakaninsu, don ɗaura ta a hannun ƙarfe. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisa na ɗan lokaci. Idan ciwon ya ƙi tafiya, ga likitan ido.

Me zan gwada ranar da ta iso, ko idan ta hannu zan saya?

Kada ka yar da kwali sai ka gama gwaji. Cika allon da launi ɗaya bayan ɗaya: baƙi, fari, ja, kore, shuɗi. Matso kusa ka bi shi a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa. Ɗigon da ya tsaya baƙi a kan fari ya mutu, wanda ya tsaya ja ko kore a kan baƙi ya maƙale. Kamfanoni da yawa ba su karɓar monita saboda ɗigo ɗaya ko biyu, shi ya sa sanin sharaɗin mayarwa na mai sayarwa kafin biya ya fi garantin kansa amfani a makon farko.

Da dare ka kashe fitila ka sa baƙin allo. Idan hasken da ke kusurwa yana canzawa yayin da kake motsa kai, ƙyallin IPS ne. Idan yana nan daram a gefe kamar an haska tocila ta ƙarƙashin ƙofa, fitilar baya ce ke yoyo, kuma idan ya yi yawa dalili ne na mayarwa.

Ga ta hannu, ƙara da gwada kowane rami da waya, ka kai ta ƙarshen Hz ɗinta ka bar ta ta yi rabin awa tana aiki, domin wasu matsalolin sai ta yi zafi suke fitowa. Idan OLED ce, sa allo mai launin toka, a nan tabo ke tona kansa. Monitoci da yawa kuma suna ajiye adadin awannin da suka yi a kunne a cikin jerin saitinsu, sai ka nemi mai ita ya buɗe maka ka gani da idonka.